Ranar da Na Tsaya wa Ɗan Burodi a Gaban Kwamiti

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da bakina ya tona mini asiri a ofishin shugabar makarantarmu ba, a gaban mutum biyar, ɗaya daga cikinsu ma ɗalibata ce. Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Tudun Wada, kuma a lokacin ni ke riƙe da ladabtarwa. Yara suna kirana Malama Ba-Wasa a bayan idona (na sani sarai, kuma in faɗi gaskiya sunan yana yi mini daɗi).

Abin ya faro ne daga wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, Safara'u, 'yar Riruwai da ke zaune wajen gwaggonta saboda karatu. Yayanta da ke jami'a a Kano ya tsinto mata wasu littattafan Turanci guda biyar wajen masu gwanjon littafi, kowanne kaurinsa kamar bulo. Labarin wata yarinya ce a wata ƙasa mai sanyi, wadda samari biyu ke so. Ɗaya mai shan jinin mutane ne, ya shekara ɗari biyu a duniya amma fuskarsa ta saurayi ce. Ɗayan kuwa ɗan maƙwabta ne, yana aiki a gidan burodin babansa. Yaran sun ga sunayen suna karya musu harshe, sai suka raɗa musu Mai Haƙora da Ɗan Burodi.

Kafin wata guda ajin ya dare biyu. Ina wucewa ta bayan taga lokacin hutun ƙarfe tara sai in ji ana musu kamar a majalisa. Wata tana cewa namijin da ya yi shekara ɗari biyu yana jiran mace ɗaya ai ya gama soyayya. Wata tana cewa mutumin da rana ke ƙona shi, in aka kawo shi Tudun Wada ba zai kai azahar ba, to wa zai yi masa noma? Wata Bafulatana mai suna Jebu, wadda da ƙyar ake jin muryarta a aji, na ji ta da kunnena tana cewa ita mijin da ba ya shan fura da nono ba ta san me za ta yi da shi ba.

Ranar da na kama littafin farko a ƙarƙashin hijabin wata, sai da na tsayar da darasi na yi musu wa'azi na kusan rabin awa. Na ce shirme ne, ɓata lokaci ne, kuma duk mai hankali ba zai buɗe irin wannan ba. Na jefa shi a jaka na tafi da shi gida, da niyyar in nemo wuraren banza in ja musu layi da jan biro in kai wa shugaba.

Bayan la'asar yarana sun tafi Islamiyya, na ɗora wake a wuta na zauna a gindin darbejiya da birona. Ban ja layi ko ɗaya ba. Abin da ya dawo da ni duniya shi ne sallamar maigida, ya dawo daga gonar masara, yana tambaya ko wani abu ne ke ƙonewa. Waken ya zama gawayi. Na ce masa aikin makaranta ne ya sha mini kai (ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya). Cikin kwana huɗu na cinye littafin, kuma marubuciyar, Allah Ya yafe mata, ta tsaya ne daidai inda aka sace yarinyar.

To yanzu ya zan yi? Ba zan je wajen ɗaliba in ce ta ara mini na biyu ba. Sai na tuna ni ce mai ladabtarwa. Washegari na shiga ajin fuska a murtuke, na ce kowa ta ɗora jakarta a kan benci. Na samu na biyu. Bayan mako guda na sake yin samame na samu na uku, sannan na huɗu. Malamai suna ta yaba mini, wai da a ce kowa na da himma irin tawa da makarantar ta gyaru. Na biyar ne ya gagare ni, don yaran sun farga sun daina kawo shi. Sau uku ina zazzage jakunkuna, ban samu komai ba sai gyaɗa da aya. A ƙarshe na buga wa ƙanena da ke Kano waya ya nemo mini, ya ba direban motar garinmu. Na naɗe bangon da takardar tsohuwar kalanda, na riƙa yawo da shi a jaka.

Ana cikin haka maganar ta fi ƙarfina. Shugaban kwamitin iyaye da malamai, Alhaji Mamman mai injin shinkafa, ya ji 'yarsa tana ba ƙannenta labarin har ƙaramin ya fashe da kuka. Ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce ana koya wa yara maita da Turanci. Shugabarmu, Hajiya Kubra, ta ce in rubuta rahoto tunda ni na kama littattafan. Na zauna na rubuta, da hannuna, cewa ban ɓata lokacina wajen karanta su ba, shafi biyu kawai na duba na gane ba su da amfani. Na ɗauka za a ja wa yaran kunne a wuce wurin. Sai da aka sa ranar zama na ji cewa Alhaji so yake a dakatar da Safara'u, ga jarrabawar fita saura 'yan watanni. An ma aika wa mahaifinta.

Ranar Laraba muka hallara. Hajiya tana kan kujerarta, littattafai huɗu jere a gabanta. Ga Alhaji Mamman, ga Malam Sabi'u mai koyar da addini. Mahaifin Safara'u, wani dattijo siriri da ya yi sammako daga Riruwai a kan babur, ya zauna a bakin kujera ya ɗora hularsa a gwiwa. Ita kuwa tana durƙushe kusa da ƙofa, idanunta sun yi ja. Bayan an gaisa, Hajiya ta karanta rahotona da ƙarfi, har wurin shafi biyun nan. Na gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki. Dattijon ya ce shi bai yi boko ba, amma in har abin da ake faɗa gaskiya ne, yau zai koma da 'yarsa gida, karatun ya isa haka. Na san maganar ba haka take ba, amma na kau da kai. Mutuncina nake karewa.

Sai Alhaji ya karɓi magana. Ya ce shi an ba shi labarin littafin tun daga farko har ƙarshe. Wai yarinyar ta gudu daga makaranta, ta zama mayya, kuma a ƙarshe ta shanye jinin ubanta da ya haife ta. Wai shi yaron gidan burodin ma ɗan koren mayun ne, shi ya yaudare ta ya kai ta.

Na jure maganar gudu daga makaranta. Na jure ta mayya. Amma da ya taɓa Ɗan Burodi, ban san lokacin da na miƙe ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri, amma wannan ƙazafi ne. Yaron da ya goya ta a bayansa cikin dusar ƙanƙara har asibiti? Kuma ba ta taɓa ubanta ba. Da dangin mai shan jinin suka zo kashe shi, hannunta ta yanka ta gudu daji don su bi ƙamshin jininta su ƙyale shi. Ta gama makaranta, ta ƙi yarda a mai da ita irinsu har shafin ƙarshe. Laifinta ɗaya, ta bar yaro mai sana'a mai mutunci ta zaɓi tsoho ɗan shekara ɗari biyu da ba ya iya fita rana."

An ce har tebur na buga. Ni ban tuna ba.

Hajiya ta sauke tabarau, ta dubi takardar da ke hannunta, ta dube ni, ta ce a hankali, "Malama, duk a shafi biyun ne wannan?"

Sai muryar Safara'u ta fito daga bakin ƙofa, cikin shessheƙa da ladabi: "Malama, ai yankan hannun a na biyar yake. Kuma na biyar yana gidan gwaggo, ba ki ƙwace ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Malam Sabi'u ya sunkuyar da kai yana gyaran hula, kafaɗunsa suna rawa. Na yi tunanin in ce wata ce ta ba ni labari, sai na ga ƙarya ta biyu za ta fi ta farko muni. Na buɗe jaka na ciro na biyar da rigarsa ta kalanda, na ajiye kusa da 'yan uwansa. Na ce na karanta duka, wasu wuraren ma sau biyu, kuma samamen da nake yi ba don tarbiyya ba ne, ci gaban labari nake nema.

Abin mamaki, da mutuncin ya zube sai na ji na yi sakayau. Tunda ba sauran abin da zan kare, na ce bari in faɗi abin da ya kamata in rubuta tun farko. Na ce shekara da shekaru ina fama da yara su karanta ɗan siririn littafin manhaja, ba sa kai rabi. Ga shi yanzu suna cinye bulo biyar, suna rububin ƙamus ɗaya tilo da muke da shi har bangonsa ya fita. Na nemi izinin Hajiya, na buɗe littafi na uku a inda hannuna ya faɗa, na miƙa wa Safara'u na ce ta karanta, sannan ta fassara wa babanta.

Ta share hawaye ta fara. Muryarta na rawa a layin farko, daga nan ta zauna daram. Ta karanta shafi guda ba gargada, ta juya shi zuwa Hausa mai daɗi, wurin da yarinyar ke roƙon gafarar mahaifinta don ta ɓoye masa magana. Dattijon ya kafe ta da ido, bakinsa a ɗan buɗe. Da ta gama ya juyo wajena ya ce, "Malama, duk wannan Turancin a cikin kanta yake?" Na ce duka, Baba, har da ƙari.

Malam Sabi'u ya tambaye ni tsakani da Allah ko akwai abin da bai dace ba a ciki. Na ce akwai. Akwai wuraren rungume-rungume da ba tarbiyyarmu ba, akwai kuma yadda Mai Haƙora ke bibiyar yarinyar yana hana ta sakat, wanda wasu yaran ke ɗauka so ne, ni kuwa ina ganin mulki ne. Ya ce to ai wannan shi ne dalilin da ya sa ya kamata babba ya zauna da su a kai, don in an ƙona littafin labarin ya riga ya shiga kansu, kuma ba wanda zai warware musu. Alhaji ya ɗan yi gunaguni, ya ce shi abin da aka faɗa masa ya faɗa. Daga baya aka gano direbansa ne ya ba shi labarin, shi ma a bakin ƙanwarsa ya tsinta.

Ba a dakatar da Safara'u ba. Mahaifinta ya koma Riruwai shi kaɗai, bayan ya sa mata albarka a gabanmu. Hajiya ta yanke cewa littattafan za su zauna a hannuna, kuma duk Alhamis bayan an tashi in zauna da masu so mu karanta tare. Sannan ta miƙo mini rahotona ta ce in je in sake rubutawa, wannan karon da gaskiya.

Washegari da na shiga ajin, an zana ƙaton burodi a allo, har da tururi yana tashi. Ba wadda ta yi motsi. Na ɗauki abin goge allo, na tsaya, sai na ajiye shi na rubuta darasin ranar a gefe. Dariyar da ta ɓarke sai da aka ji ta a ajin da ke kusa.

Zaman Alhamis ɗin ya fi ƙarfin aji ɗaya, muka koma ƙarƙashin bishiya. Dokata ɗaya ce: duk mai ra'ayi ta faɗe shi da Turanci, ta kuma nuna shafin da ta dogara da shi. Safara'u ce jagorar 'yan Mai Haƙora, kuma ba ta raga mini ko kaɗan. Muka shafe makonni muna fafatawa. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a ɓangarena ya yi rinjaye (sun ce wai tsoron maki ne ya sa, ni kuwa na san hujja ce). Da muka gama biyar ɗin suka nemi wani littafin, muka shiga na manhaja, kuma a karon farko a tarihin koyarwata na ga an kai ƙarshensa ana musu a kan mutanen ciki. Safara'u ta ci jarrabawarta, yanzu ita ma malanta take karantawa.

Abin da na koya dai shi ne, ɓoye jahilci a taro abu ne mai sauƙi, shiru kawai za ka yi kana gyaɗa kai. Wanda ke da wuyar ɓoyewa shi ne abin da ka sani kuma kake so, musamman in wani ya zauna a gabanka yana dagula shi. Saboda haka yanzu kafin in ce abu shirme ne, sai na tabbatar ba zan iya buga tebur a kansa ba.