Rasuwar Ja-ka-tura, Ƙahon Mayo Gwoi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Solomon Manga na Mayo Gwoi, tsohon ɗan badujala, yake sanar da jama'ar Jalingo rasuwar amininsa Ja-ka-tura, ƙahon tagulla mai zugewa wanda Turawa ke kira turombon. Ya rasu ranar Asabar a garin Lau, yana bakin aikinsa.

Marigayin ya zo hannun Baba Solomon ne tare da takardun kiɗa, waɗanda masu tsara kiɗan fim da na talabijin suka rubuta domin turombon shi kaɗai, ba ganga ba rakiya. Da su ya yi suna. In ya ce "fuuu-waaa", sai ka rantse jarumin fim ne ya iso. In ya sauke murya ya ce "bwoom", mata kan share hawaye alhali ba su san wanda ya mutu ba. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba, ya yi busa har leɓen maigidansa ya kumbura. Bai taɓa neman komai ba sai ɗan man keke.

Ya jima yana fama da ciwon gaɓa. In an tura shi, ba ya dawowa sai da lallashi. Joseph mai walda ya yi iya ƙoƙarinsa. Duk da haka marigayin ya ƙi kwanciya, domin an yi wa Patricia, 'yar autar gidan, alkawarin zai busa ranar aurenta. Ya kuwa cika, ya kai kiɗan har ƙarshe amarya tana rawa. Sai dai sautinsa na ƙarshe ya yi kama da kukan saniya. Bijimin wani makiyayi Hammanjoda, da ke kiwo bayan rumfa, ya amsa kira a guje. Baba Solomon ya tsira ta kan katanga. Marigayin bai iya tsalle ba.

Ya rasu ya bar akwatinsa, da takardun kiɗa marayu, da maƙwabta da suka ce yanzu ne za su san daɗin barcin rana.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da yamma a falon gidan, inda za a rataye shi a bango. Mama Rose, uwargida, ta nemi a yanko mata bakinsa ta yi mazurarin manja, amma dattawa sun hana. Hammanjoda zai zo ta'aziyya da ƙwaryar kindirmo, ban da bijimin. Ana roƙon maƙwabta su rage fara'a, domin ƙanin marigayin, wani sabon ƙaho, ya riga ya taso daga Jos, kuma shi zai yi busar bankwana.