Shafi na Arba'in da Bakwai

Allah ya yi wa asibitin nan gata ranar da ya ba shi Yallaɓai Ma'auni, babban jami'in tantance ingancin laburaren kwamfuta. Mutum ne mai baiwa. Yana iya auna littafi dubu goma bai buɗe ko ɗaya ba. Ya dubi launin shafin farko, ya shafa kan na'ura ya ji ko da ƙura, ya tabbatar hotonsa na nan a sama. Shi ke nan, maki ɗari bisa ɗari.

Da hannunsa mai albarka aka ƙaddamar da laburaren. Ranar ya buɗe wani littafi a tsakiya, ya kifa shi kan na'urar ɗaukar hoton shafi, ya juya yana yi wa masu hoto murmushi. Aka sha tafi.

Babbar nas ce kaɗai ba ta san darajar manya ba. Sau uku tana sallama a ofishinsa.

"Yallaɓai, littafin maganin dafin maciji, shafi na arba'in da bakwai, adadin allurar bai fito ba. Na takardar kuma tun da aka kai sito aka neme shi aka rasa."

"Baiwar Allah," in ji shi, yana murza zoben azurfarsa, "mu inganci muke aunawa. Shafi aikin ƙananan ma'aikata ne."

Ya rubuta a rahoto cewa ma'aikata na yawan zuwa maganar laburaren, alamar gamsuwa.

Wata Asabar da hantsi aka kawo shi daga gonarsa ranga-ranga, maciji ya sare shi, ƙafa ta yi kamar turmi. Likita na ɗakin tiyata. Tsoro ya kama Yallaɓai sosai. Ya ce maza a duba laburare, ai shi ya ba shi maki.

Nas ta buɗe, ta juyo masa da allon. Komai ya fito tsaf: sunan maganin, yadda ake haɗa shi, har da gargaɗin kada a yi kuskuren adadi. A daidai wurin adadin kuwa, wani lafiyayyen yatsa ne kwance, sanye da zoben azurfa.

"Wane sakarai ne ya yi wannan aikin?" ya tambaya.

Nas ta aika a kira likita, ta kamo hannunsa tana neman jijiya.

"Sannu, Yallaɓai," ta ce. "Cire zoben nan tukuna, kada yatsan ya kumbura."