Gyaran da Na Yi wa Ƙotar Bindigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa mayar da surukina ɗakin tiyata da hannuna ba. Na haura shekara saba'in, kuma kurakuraina ba kaɗan ba ne, amma wannan ne idan ya faɗo mini ina cikin salla sai na rasa raka'a ta nawa nake.

Ni kafinta ne. Shekara arba'in na yi ina aikin katako a garinmu, can gabas da Kano, har da sassaƙa wa maharba ƙotar bindiga. Bokona bai wuce firamare ba, amma a kan ƙota ban taɓa yarda akwai wanda ya fi ni ba. Na zo New York wajen 'yata Hadiza don a duba mini ido. An duba, an gama, zama ya miƙe. Suna unguwar Parkchester ita da mijinta Nasiru, ma'aikacin jinya a wani asibiti, wanda yini yake yana ɗaga marasa lafiya daga gado zuwa keken asibiti. Yaro ne mai kunya. Shekara biyu muna gida ɗaya, ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba.

Abin da Nasiru ke so a duniya shi ne harbin faifan yumɓu. Akan fita bayan gari, inji ya cilla faifan sama, mutum ya harbe shi kafin ya faɗo. (Na tambaye shi ko ana cin faifan, ya ce a'a.) Bindigarsa irin wadda ake jan hannunta na gaba a mayar ce, ta yi ƙaras-ƙaras, sannan harsashi ya hau. Yana da takardunta, kuma kullum tana kulle cikin akwatin ƙarfe. To an taɓa yi masa aiki a kafaɗar dama, ya yi watanni bai je asibiti aiki ba. Da ya warke sai ya sayi wata sabuwar ƙota ta baƙar roba ya ɗaura. Ni dai na ji ana cewa ta musamman ce, ban tambayi dalili ba.

Wata rana ya dawo daga harbi da kumatu a kumbure. Na ji yana gaya wa Hadiza a kicin cewa ƙotar nan marinsa take yi duk harbi, kuma tana ɗan ƙara. Ya kwance ta daga jikin bindigar, ya sa a kwali ya ajiye a falo, wai zai kai wa mai gyara idan ya samu hutu.

Ranar Talata suka fita aiki suka bar ni da kwalin. Na yi karatun Alƙur'ani, na sha shayi, na leƙa taga, na dawo. Kwalin yana nan yana kallona. Na ce bari dai in gani da idona.

Da na dafa gindin ƙotar a ƙasa na danna, sai na ji ta nutse kamar tsawon ɗan yatsa, ta dawo. Na sake dannawa, ta sake nutsewa. Na ce, "Inna lillahi! Wannan suka sayar wa yaron nan?" A wurinmu ƙotar da ke motsi ƙotar banza ce. Maharbi ya kawo maka irinta, sai ka yi masa faɗa kafin ka gyara. Na samo sukundireba na kwance robar gindin, sai ga wani sifirin, murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen nan irin ta cikin katifa, a kwance cikin rami. Nan take na gane ciwon (haka na gaya wa kaina): sun yi rowar kaya, sun bar ciki fanko, sun cusa sifirin don kada a gane.

Na nemi katako a gidan nan kaf, babu. Gidajen Amurka ko guntun icce ba ka samu. Can na shiga kicin na ga muciyar Hadiza, wadda aka kawo mata daga gida. Icce mai kyau, busasshe. Na yanke kamar taƙi ɗaya daga hannunta da wuƙar burodi, na feƙe shi daidai ramin, na buga shi ya shige tsakiyar sifirin ɗin. Ba gam, ba ƙusa. Na danna ƙotar, ko gezau. Wallahi har tausayin masu ƙera ta na ji. Ragowar muciyar kuwa na tura ta bayan firji.

Da Nasiru ya dawo ya durƙusa ya gaishe ni, na miƙa masa ƙotar. Na ce, "Malam Nasiru, ba sai ka kai wa kowa ba. Na gyara."

Ya karɓa, ya danna ta a tafin hannunsa. Ya sake dannawa da ƙarfi. Ya daɗe kansa a ƙasa.

"Baba, me aka yi mata?"

"Sirrin sana'a ne. Kai dai ka ɗaura. Ranar Asabar ma da ni za a je, in ga aikina."

Ya ce, "To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ni a nawa haukan, murna ce ta hana shi magana.

Ban tsaya nan ba. Ranar Juma'a na ba da labari a masallaci, har na gayyato abokina Alhaji Idi, mutumin Damagaram mai sayar da huluna da turare a titin 125. Tun da muka haɗu ba ya kirana da komai sai "Bakano", ni kuma ba na raga masa. Ya ce da ɗan Faransancinsu, "Bon, zan je. Ban taɓa ganin Bakano ya gyara abu bai ƙara masa ciwo ba."

Ranar Asabar a mota Nasiru ya yi ta neman hanyar zillewa. Ya ce kamar za a yi ruwa. Na ce sama fes take. Ya ce yau kafaɗarsa ta ɗan yi tsami, ko mu yi kallo kawai. Na ce ai shi ya sa na gyara, yanzu ba abin da zai girgiza shi. Ya ce, "Haka ne, Baba."

Muka isa filin, aka ba mu abin toshe kunne, aka tsayar da mu bayan wani layi. Mai kula da wurin wata dattijuwar Baturiya ce mai furfura, ba ta wasa. Nasiru ya tsaya a gurbinsa, ya ja hannun bindigar, ya ɗora ta a kafaɗa. Ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na ɗaga masa babban yatsa kamar yadda na ga jikokina na yi.

Faifai ya tashi. Bindiga ta tashi.

Na sha ganin bindiga ta yi shuri, amma ban taɓa ganin fuskar mutum ta koma toka a gabana haka ba. Bai yi ihu ba. Ya ajiye bindigar a hankali bakinta na kallon fili, ya ja da baya, ya zauna a kan benci, hannun damansa na rataye kamar ba nasa ba. Gumi ya keto masa. Na ruga ina cewa, "Lafiya? Lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Baba."

Matar nan ta zo. Ta san shi, ta san da aikin kafaɗarsa. Ta cire sauran harsashin, ta dafa gindin bindigar a kan tebur ta danna. Shiru. Ta kwance robar, ta leƙa, ta ɗauko filaya ta yi ta ja, har gumi ita ma. Sai ga iccena ya fito, santal, fiƙaƙƙe. Mutanen wurin suka matso suna kallo.

Turancina na gaisuwa ne, Alhaji Idi ke fassara mini a kunne. Ta ce sifirin ɗin nan shi ne ƙotar gaba ɗaya. Nutsewar da take yi ita ce ke shanye shurin bindiga kafin ya kai kafaɗa, don masu ciwo irin nasa ake yin ta. Marin kumatu kuwa, ta ce yana ɗora fuskarsa ne a daidai wurin da ke zamewa, abin da ake yi shi ne a ƙara wa ƙotar tsawo kaɗan ya ja fuskarsa baya. Ƙarar kuma noti ne ya saki. Aikin minti biyar. Sannan ta ɗaga iccen sama ta ce wane mahaukaci ne ya yi wannan.

(Alhaji Idi bai rage mini kalmar ba. Har maimaita ta ya yi.)

Kafin in buɗe baki, Nasiru ya ce shi ne. Ya ce shi ya gwada wata dabara.

Ga abin da ya fi ci mini rai har yau: na yi shiru. Na tsaya da furfurata ina kallon matar nan tana wanke shi tas a gaban mutane, wai ma'aikacin asibiti guda bai san darajar kafaɗarsa ba. Shi kuma yana ta cewa ta yi haƙuri.

Alhaji Idi ya karɓi iccen ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce da ƙarfi, "Kai Bakano, wannan ba muciya ba ce? Ga ƙanshin tuwo nan!"

Na cire hulata, ban san dalili ba, na matsa gaban matar na dafa ƙirjina na ce, "Mi. Mi." Wato ni ne. Iyakar Turancin da ya zo mini ke nan. Ta dube ni, ta dubi Nasiru, ta dubi muciyar. Ba ta gane yadda aka yi ba, kuma ban ga laifinta ba. Yaya za ka bayyana wa Baturiya cewa mutum ya san abu zai ji masa ciwo, amma ya ɗora a kafaɗa don kada ya ce wa uban matarsa ya yi kuskure?

Alhaji Idi ne ya tuƙo mu, kai tsaye asibiti. Awa uku na yi a ɗakin jira ina jan carbi ban san me nake karantawa ba. Tunanina ɗaya: idan ɗinkin nan ya ɓalle, na zaunar da mai gida wata da watanni, kuma wataƙila ba zai sake ɗaga mara lafiya ba. Hadiza ta iso a guje da kayan aikinta. Na gaya mata komai da bakina kafin wani ya riga ni. Ta dube ni ta ce, "Baba, kwana huɗu ina zargin yaran nan a kan muciyar."

Allah ya rufa asiri, ɗinkin bai taɓu ba. Kumburi ne, aka rataye masa hannu mako uku. Da ya fito na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Malam Nasiru, ka yafe mini. Amma don Allah me ya sa ka harba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ɗauka harsashi ɗaya zan iya jurewa, Baba. Kuma na ga kun taho da baƙo."

Makon ukun nan ni na riƙa ɗaura masa igiyar takalmi kowace safiya. Ya yi ta janye ƙafa yana cewa bai dace ba, na ce ya tsaya, ni ma in ɗanɗana.

Abin da na koya a wannan tsufan shi ne, ba duk abin da ke motsi ne ya lalace ba, wani aikinsa ke nan. Kuma idan suruki ya ce maka "To, Baba" kansa a ƙasa, kada ka tafi masallaci ka ba da labari. Ka aika 'yarka ta tambayo maka abin da yake nufi.