Inuwa Ya Je Karɓo Fatar Jarinsa

Ranar kasuwar Makarfi da ta wuce na yi sammako da kwalbata, na bi layin kananzir a ƙofar kanti. Mun fi mu arba'in, kowa da kwalba a hannu kamar masu jiran rubutun sha. Saura mutum uku a gabana mai kanti ya leƙo ya ce ya ƙare. Ba mu kai ga watsewa ba muka ga ana fitar da garwa huɗu ta ƙofar baya, ana jerawa a wata baƙar mota. Na tambayi na kusa da ni ko na wane ne, ya ce na masu yi mana hidima ne. Na ce to madalla, Allah ya ƙara musu haske, mu dama mun saba da duhu. Kwalbar da muke saye sisi shekarar da aka ɗaga sabuwar tuta, bana nai ce, wato kwabo tara, shekara uku kacal, kuma ko da nai ɗin a hannunka sai kana da uwa a gindin murhu.

Ina cikin wannan takaici aka dafa mini kafaɗa. Na waiga, sai ga Inuwa, maƙwabcina a Dandamisa, idanunsa jawur, da wata takarda naɗe cikin ƙyalle a ƙarƙashin hammata. Ko gaisuwar ba mu ƙarasa ba, Inuwan da kan tambayi lafiyar kajinka ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Halliru, raka ni ofishin kamfani," in ji shi. "Rakena yau kwana huɗu a kwance."

Sai na ba ku labarin daga tushe, don akwai hannuna a ciki, ba kuma zan ɓoye ba.

Inuwa manomin rake ne, ɗan manomin rake. Yana da fadama, yana da injin matsa rake irin wanda doki ke juyawa, yana kuma da dokin, wani akawal mai haƙuri da ya san aikinsa fiye da wasu masu albashi. Da kaka doki zai yi ta zagaye da gungumen injin, ruwan rake na zuba, matarsa Kulu na dafawa, a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Da wannan yake biyan haraji, da ita yake sayen dawar da gonarsa ba ta kai ba, da ita yake suturta mutum tara. Ba mai arziki ba ne, amma ba a taɓa jin kansa ba.

Bara war haka mota mai lasifika ta shigo garinmu. A cikinta akwai Mai Girma Uban Dabara. Ni na raɗa masa wannan suna, don na yankan ya fi ƙarfin bakina. Ya fito da babbar riga mai cin turmi guda, ya tsaya a inuwa, mu muna rana, ya ce ya zo ne ya cece mu. Ya ce kaya na hawa, kuɗi na narkewa, wanda ya binne sulallansa a tukunya baɗi zai tono rabinsu. Kowa ya gyaɗa kai, don gaskiya ce. Nan gwanintar manya take, jama'a. Da gaskiya suke buɗe ƙofa, sannan abin da ke biye ya shigo.

Abin da ke biye shi ne Kamfanin Zaƙin Ƙasa. Za a kafa ƙaton injin sukari tsakanin Makarfi da Kudan, motar kamfani za ta bi fadama fadama tana ɗiban rake, a biya nan take. Mai wayo kuma ba sayar da rake kawai zai yi ba, zai sayi hannun jari, ya zama yana da rabo a injin kansa. Fam ɗaya hannu ɗaya. Ya ce zamanin doki ya wuce tare da zamanin Turawa. Doki yana ci, yana ciwo, yana mutuwa, hannun jari kuwa ba ya cin harawa, kana barci yana haihuwa.

Inuwa ya kawo mini takardar in duba, saboda na yi ajin yaƙi da jahilci, har ina da shaidar gamawa rataye a zaure. Takarda ce mai kauri, da hoton rake, da jan hatimi, rubutun kuma duk Turanci, wanda ban san ko alif a cikinsa ba. Amma ta yaya mai shaida a zaure zai ce bai iya ba? Na juya ta, na shinshina, na yi gyaran murya, na ce takarda ce mai kyau. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kulu ce kaɗai ta yi magana. Ta ce, "Malam, abin da ba ya ci, ta ina zai haihu?" Ya ce mata harkar zamani ba ta mata ba ce. Ya ja akawal ya kai wa Lado dillali, ya karɓi fam goma sha biyu, ya miƙa su a ofis, ya dawo gida da takarda a maimakon doki.

Da farko abin kamar gaske. Kowane wata sai a aiko a ce jari ya hau, fam mai sule ashirin ya zama sule ashirin da biyar, ya zama talatin. Ba wanda ya ga ko kwabo, amma Inuwa ya sayi sabuwar hula, ya fara kallonmu da tausayi. Sai makon jiya aka aiko da shela cewa kowane mai hannun jari ya sare rakensa, mota na zuwa ranar Asabar. Inuwa ya yi gayya, ya sare fadamar nan kaf. Asabar ta zo ta wuce, Lahadi ta bi ta. Duk wanda ya tashi a ƙasar rake ya san sararren rake ba ya jiran kowa, in ya yi mako a kwance zai yi tsami, ruwansa ba zai daskare ba ko ka dafa shi da itacen duniya. Abincin mutum tara na shekara guda ke nan a kwance a rana.

Ofishin kamfanin ɗaki ne ɗaya a bayan tasha. Muka tarar da akawu, ɗan saurayi mai tsagar kai, ya ɗora ƙafa a tebur yana cin rake. Muka yi sallama, muka durƙusa, muka yi masa ranka ya daɗe, shi da bai fi ɗan cikin Inuwa ba. Inuwa ya tambayi mota.

"Babu mota, Baba, don babu inji."

"Ina injin?"

Ya tofar da tuƙa ya yi mana bayani, kuma na yaba masa, bai ɓoye komai ba, don bai ga abin kunya a ciki ba. Kuɗin da aka tara da sun isa inji, amma sai da aka fara yin abin da ya kamata. An yi bikin aza harsashi, an yanka shanu shida. An sayi motoci uku don shugabanni su riƙa zuwa duba harsashin. Sannan shugabanni huɗu suka tafi ƙasar waje wata biyu, su ga yadda ake sukari. Kafin su dawo kuɗin inji ya ninka. Ya ce laifin tsadar kaya ne, ba na kowa ba.

"To a ba ni nawa," in ji Inuwa. "An ce ya kai sule talatin."

"Da ke nan, Baba. Kasuwa ta faɗi. Yau hannu ɗaya sule uku ne, in an sami mai saye."

"Faɗuwa a ina? Wa ya ture ta?"

"Haka kasuwa take, ta hau ta sauka."

 Na zaci Inuwa zai yi kuka ko ya yi faɗa, sai na ga ya gyara zama, ya kwance ƙyallen, ya shimfiɗa takardar a tebur da natsuwa. Ya ce, "Wato ya mutu ke nan."

"Kusan haka."

"Allah ya ba da, Allah ya karɓa. To, ba ni fatar."

Akawu ya dube ni, ni kuwa na gane sarai. A ƙasarmu in ka ba makiyayi kiwon saniya ko tunkiya, amana ce. In ta haihu ya zo ya faɗa maka. In ta mutu ba ya zuwa da baki kawai, sai ya feɗe ta ya kawo maka fatar, ko aƙalla wutsiya, ka ga shaidarka a jiki, ka san mutuwa ta yi ba sayarwa aka yi ba. Daga nan ba ka da magana, sai ka ce Allah ya mayar da alheri. Haka Inuwa ya ɗauki hannun jari tun ranar farko, kiwo ya bayar. Bai zo rigima ba, shaida ya zo karɓa.

"Baba, hannun jari ba shi da fata."

"Wutsiya fa?"

"Babu."

"To a nuna mini inda ya faɗi, in ga ko ungulu ta sauka."

Yaron nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Inuwa bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina ba Fulani kiwo, ba su da ofis, ba su da hatimi, ba su san kwanan wata ba. Ba wanda ya taɓa ce mini dabba ta mutu bai kawo fata ba. Wanda ya ce ta mutu ya kasa nuna fata, a garinmu akwai sunan da ake kiransa." Akawu ya daina dariya. Ya jawo aljihun tebur ya ce in muna da ƙorafi akwai takardar cikewa, kwabo uku.

Ni dai a ganina, duk lauyoyin Ikko ba su yi tambayar da ta kai ta Inuwa ba. An ce talaka bai san harkar jari ba. Ƙarya ne. Tun kafin a haifi kakan mai lasifika talaka ya san ya ajiye dawa a rumbu, ya sa rarar kuɗinsa a ɗan maraƙi, don ya san kuɗi na lalacewa, maraƙi na girma. Abin da bai sani ba shi ne dukiyar da ke mutuwa ba gawa. Inuwa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, kuma waɗanda suka nuna masa ramin, albashi ake biyansu.

Da muka fito ya ce mu je wurin Lado, ko zai sami hayar doki na kwana uku. Muka tarar da garke a bayan gidan dillalin, dawaki sun fi talatin, kowanne da harawa a gabansa. Na gane na Musa na Nasarawan Doya, na gane wasu biyu daga Kurmin Kogi. Can a ƙarshe ga akawal. Da ya ji muryar Inuwa sai ya ɗaga kai ya yi haniniya, yana jan igiya. Inuwa ya kau da fuska.

Lado ya ce shi ɗan tsaro ne kawai. Dawakin duk na wani babba ne, ya sa a saya masa bara, lokacin da kowa ke rububin sayarwa. Na tambaye shi wane babba, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce mai babbar riga dai. Ashe ranar da Uban Dabara ke gaya mana doki yana ci yana mutuwa, shi nasa kuɗin a doki yake zubawa. Ya san kaya na hawa, ai shi ya faɗa mana. Dokin fam goma sha biyu yau ashirin da biyu ne. Haya kuwa rabin mazarƙwailar da aka dafa, kuma masu jira sun yi yawa, sai bayan kwana tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"Kwana tara," in ji Inuwa. Muka kama hanyar gida.

Washegari bayan sallar asuba aka yi mini sallama. Kulu ce a ƙofar zaure, ta rufe rabin fuska, ta gaishe ni da ladabi yadda ta saba, sannan ta ce, "Malam, tunda kai ka karanta takardar, ga shi can a bakin inji." Ta juya.

Na sami Inuwa ya ɗaura igiyar doki a gungumen, ya zagayo da ita ƙirjinsa. Kulu ta naɗe tsohon zane ta sa masa don kada igiya ta yanke shi. Mutum mai shekara hamsin da biyar, mai furfura, mai hannun jari goma sha biyu a Kamfanin Zaƙin Ƙasa, ya sunkuyar da kai yana bin sawun da kofato ya haƙa.  Na tuɓe riga na kama gungumen ta baya ina turawa. Da injin ya cije sai na ji ya yi ɗan tsakin nan da yake wa akawal in ya rage sauri, ya manta shi ne a igiyar. A nan hawaye ya zo mini, na bar shi ya bi gumi.

Kwana uku muna zagaye, daga asuba har rana ta faɗi. Abin da muka ceto bai kai rabi ba. Sauran ya yi tsami, jiya aka kwashe aka zuba wa shanun maƙwabta. Kulu ta ce in an yi tsimi zai kai su watan azumi, bayan nan sai abin da Allah ya yi.

Roƙona ɗaya gare ku masu karatu. Wannan magana ta tsaya tsakaninmu, kada ta kai kunnen manya cewa talaka biyu na iya juya injin rake. Na san halinsu. In suka ji, kafin kaka mai zuwa sun aiko Lado ya saye mu tun muna da araha.