Cakin Inna da Fayil ɗin da Kuka Kumbura

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Tsantsar Sauti, gwanin farfaɗo da tsofaffin waƙoƙi, Allah ya ƙara wa kunnenka lafiya.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, musamman na'urarku ta juya kaset, wadda nake zaton tana shan hutu sosai.

Ni mai gyaran sifika ne. Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, har 'yan layinmu suka laƙaba mini Kunne, domin tun daga bakin ƙofa nake gane sifikar da ta yage. Wata uku da suka wuce na kawo muku kaset ɗaya tilo da marigayi mahaifinmu ya bari. Shi ke waƙa a ciki, mahaifiyarmu na kaɗa masa caki, tun suna da ƙuruciyarsu. Takardarku ta ce za ku mayar da shi fayil na kwamfuta ba tare da ko ƙwayar sauti ta zube ba. Fayil ya iso, kaset bai dawo ba. Ga 'yan koke-kokena, in an ba ni izini.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, dole in yaba girman fayil ɗin. Megabait ɗari uku cur! A sana'armu ɗaga sifika muke yi mu san darajarta, don mai nauyi ita ce mai maganaɗisu na ƙwarai. Da wannan ma'aunin na auna aikinku, na ce lallai an zuba kaya. Ashe ana iya ƙara wa kofin madara ruwa har ya cika bokiti? Wannan ilimi ne, kuma na gode da shi.

Na biyu. Na kai sifikoki biyu da na fi ji da su ɗakin Inna, na tara ƙannena da matansu, na kunna. Muryar Baba ta fito, ido ya cika da hawaye. Inna kuwa ta karkata kai ta ce, "Kai, wannan cakin nawa a cikin ruwa aka kaɗa shi? Ni ban taɓa yin shuu-shuu haka ba." Ni kuma, Kunne guda, na ce mata, "Inna, shekaru ne, sai a hankali." A gaban surukanta na faɗa. Har da shawarar a kai ta asibiti a wanke mata kunne. Tun ranar in na gaishe ta, sai ta sa hannu a bayan kunne ta ce, "Na'am? Ɗaga murya, ɗan nan, ka san shekaru ne."

Na uku, kuma a nan nake roƙon a gyara zama. Ƙanwata tana haɗa shirye-shirye a gidan rediyo. Ta sa fayil ɗinku a wata manhaja da ke zana hoton sauti, masu kauri a ƙasa, sirara a sama. Ta ce sautin kaset na gaske, har da hucinsa, yakan yi sama yana sirancewa a hankali kamar hayaƙi. Naku kuwa da ya kai wani tsayi sai aka yanke shi ƙat, a miƙe, sama da nan baƙi ƙirin babu komai. Ta ce, "Yaya, wannan tabon matsewa ne. An taɓa matse waƙar nan ta zama 'yar mitsitsiya, aka zubar da siraran sautuka, aka dagula caki. Daga baya aka hura ta. Abin da aka zubar ba ya dawowa don an sauya masa riga." Gani ya kori ji. Shin, ranka ya daɗe, wane wanzami kuka ɗauka aiki da ya iya aski a miƙe haka?

Na huɗu. Na tambayi kaina, ina kuka samo 'yar mitsitsiyar? Sai na tuna shekara goma baya ni da hannuna na juya kaset ɗin, na matse shi don ya shiga waya, na tura wa dangi, dangi suka tura wa duniya. Ƙanwata ta jera hoton nawa da naku, kamar an tsaga kara. Wato aikina na gaggawa kuka tsinto, kuka yi masa wanka, kuka miƙo mini, ni kuma na karɓa da hannu biyu ina godiya. Ban san wanda ya fi cancantar lambar yabo tsakaninmu ba.

Na biyar gajere ne. Ina kaset ɗin? Sau huɗu ina zuwa, mai karɓar baƙinku na ce mini yana ma'ajiya. Ma'ajiyar tana da ƙofa kuwa?

Na riga na durƙusa na ba Inna haƙuri, ta yi dariya har da tari. Amma da dariyar ta lafa ta faɗi abin da ya taɓa mini zuciya. Ta ce Baba bai taɓa fara baiti ba sai ya ji cakinta, kuma tana so ta sake jin kanta a bayansa yadda abin yake, ko sau ɗaya, tun kafin kunnen ya tafi da gaske. Shekararta saba'in da takwas, ranka ya daɗe. Ba na so a yi ta jan ta da gobe.

Don haka ina sanar da kai cikin ladabi cewa ranar Litinin da hantsi za ta zo ofishinku da kujerarta da cakinta. Ta ce za ta zauna a bakin ƙofarka ta kaɗa maka na asali, wanda ba a matse ba, har sai an buɗe ma'ajiya. Na san hannunta, ba ya gajiya.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda yanzu sai ya gani kafin ya ce ya ji,

Kunne, mai gyaran sifika.