Ƙuri'ar da Tari Ya Shaƙe

Jama'a, jiya aka yi zaɓen wakilinmu a majalisar tsibirin nan, na ci ado da sabuwar hula na tafi, tunda an ce 'yanci ne da kakanninmu suka sauko da shi daga jirgin ruwan Ingila. Wai ko Sarki ba ya aza mana haraji sai da yardarmu. Madalla! Matsalar ita ce yadda ake ba da yardar: a harabar coci, da baki, da ƙarfi, 'yan takara na zaune sun zuba wa leɓenka ido.

A dama, mai girma Kanar Pickering, mai injin iskar da ke matse raken kowa. A hagu, mai alfarma Manjo Pickersgill, wanda hanya ɗaya tilo zuwa injin ta ratsa gonarsa. Ni kuwa rakena na yanke a zube, in bai shiga inji a makon nan ba ya zama itacen girki.

Maƙwabcina Obadiah ya raɗa mini, "Kai dai ka ce Picker, sai ka ɓarke da tari. Kowa zai ɗauka nasa ne."

Layi ya zo kaina. Na ce "Picker...", na kama tari kamar tsohon jaki. Su biyun suka miƙe tare, suka cire hula. "Na gode, ɗan'uwa!" Sai suka harari juna.

Magatakarda ya ce, "Wanne daga ciki, bawan Allah?"

Na ƙara tari. Kanar ya aiko da giyar rake, wai ta buɗe mini maƙogwaro. Manjo ya ninka. Bayin da suka noma raken giyar, waɗanda 'yancin Ingila bai san da zamansu ba, suna leƙe ta katanga suna ƙyaƙyata dariya. Maƙogwaro fa ya buɗe tas! Na daddage na kira sunan wanda nake tsoro da gaske: "Dorcas!" Matata ke nan.

Yau Kanar ya aiko cewa iskar injinsa ta daina kaɗawa a kan rakena. Manjo ya datse hanya da sarƙa. Dorcas kuwa ta karɓi muƙaminta hannu bibbiyu. Na tuna mata cewa a tsarin Ingila ikon mai mulki yana da iyaka. Ta ce ƙwarai kuwa, iyakar nata ita ce sandar rake ta ƙarshe, sannan ta miƙo mini taɓarya, wai in daka raken da hannuna.