Zomayen 'Yar Fari

Ba zan taɓa mantawa da zomayen nan shida ba, ko da kuwa zan manta abin da na ci jiya.

'Yata ta fari ce ta zo da su Batsari. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa magunguna, sai aka tafi yajin aiki. Ta aske musu gadon baya, ta manna wa kowanne wani farin filasta. Ban tambaye ta ba. Ina ni ina hira da 'yar fari? Sunanta ma ban taɓa kamawa ba, sai dai "ke" ko "waccan". (Haka aka tashe mu, har yabona ake yi wajen kunya.)

Washegari ta tafi Safana gaishe da kakarta. Na leƙa kejin, na ga bayin Allah sai susa suke yi. Tausayi ya kama ni. Na yi bisimilla na ɓamɓare filastan nan kaf, na wanke wurin da ruwan ɗumi, na shafa musu man kaɗanya. Sai da na ji babur a ƙofar gida bayan la'asar na yi maza na mayar da filastan, na danne da salatif. Ba ta lura ba.

Ashe maganin kumburi ne a jikin filastan, yana ratsa fata a hankali. Aikinta shi ne ta auna nawa ya kai hanta, nawa ƙoda, nawa tsoka. Aka yanka su, ta tafi da naman cikin ƙanƙara.

Bayan sati uku ta dawo ido jajir. Ina jin ta tana gaya wa babanta a tsakar gida: "Baba, kusan babu maganin a naman. Malam ya ce ban iya aikin ba, sai na sake daga farko."

Ina bakin murhu, muciya a hannu. Tukunya na kalla na ce, "Ni na cire. Ƙaiƙayi suke ji."

Babanta ya ce, "Sannu da aiki, likitar zomaye."

Ita kuwa ta zo ta durƙusa gabana, ga dariya ga hawaye. "Umma, da kin tambaye ni mana. Wallahi da na ji daɗi."

Wata huɗu sakewar ta ci mata, 'yan ajinsu suka fita suka bar ta. Yanzu tana aure a Fatakwal, sai da sallah nake ganinta, wata shekarar ma ba ta zuwa. Ni ke kiranta, in yi ta jero tambayoyi kamar 'yar jarida: me kika auna yau, me ya fito?

Darasin dai na koye shi, amma a makare. Shekara ashirin da uku tana gabana ban iya buɗe baki ba, yau sai na hau kan turmi neman sabis kafin in ji muryarta.